Tambayi Likita: Tun korona aka ɗaga wa Babanmu tiyata, har yau ba a kira mu ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Babanmu ne ke da gwaiwa, an sa masa ranar aiki a wani babban asibiti a 2020 sai korona ta shigo aka ce kowa ya koma gida sai abu ya lafa. Da muka koma aka ce layi ya yi tsawo, aka sake sa rana sai ga yajin aiki, shi kuma ya yi fushi ya ce ya haƙura. Yanzu abin ya ƙara girma ko ruku'u da ƙyar yake yi, mun lallaɓa shi mun koma amma kullum sai a ce mu jira za a kira mu. Dan Allah har yanzu koronar ce, kuma me za mu yi? Daga wata mai karatu, jihar Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Korona ce ta fara ɓata lissafin, wannan gaskiya ne. Lokacin da cutar ta shigo Najeriya a ƙarshen Fabrairun 2020 asibitoci suka tsayar da duk aikin da ba na gaggawa ba, aka kwashe nas-nas da masu allurar barci da oksijin aka kai wajen masu korona, ga kulle ya hana mutane fita. Wani bincike da likitocin fiɗa na duniya suka yi ƙarƙashin jami'ar Bamingham ta Ingila ya ƙiyasta cewa tiyata kusan miliyan 28 za a soke ko a ɗaga a duniya cikin sati 12 kacal, kuma ko an ƙara yawan aiki da kashi 20 cikin ɗari sai an ɗauki wajen sati 45 kafin a share. Ba a ƙara ɗin ba a yawancin wurare, sababbin marasa lafiya kuma ba su daina zuwa ba.

Ita kanta Ingila da kuɗinta, masu jiran magani da tiyata a asibitocin gwamnati sun tashi daga wajen miliyan 4 da rabi kafin korona zuwa sama da miliyan 7 da rabi a 2023. Abin da suka yi shi ne suka ware wasu ɗakunan tiyata da gadaje musamman don irin aikin Baba da yanar ido da gwiwa, ba a taɓa su ko masu hatsari sun cika imajansi, har ranakun Asabar da Lahadi ana yi.

Toh amma mu nan a yanzu ba zan ɗora wa korona laifin duka ba. Likitoci masu neman ƙwarewa sun yi yajin aikin wata biyu a 2021, daga Agusta zuwa Oktoba, sannan likitoci da nas suna ta ficewa ƙasar waje, da yawansu ma Ingilar suka tafi. Ɗakin tiyata yana nan amma mai allurar barci ɗaya ne a kan ɗakuna biyu ko uku, ga matsalar wuta da tsadar dizal, in aka kawo mai naƙuda da za a ciro wa jariri ko wanda mota ta buge dole a sauke na jerin ranar. Abin yana min ciwo sosai, a ga dattijo ya kwana da yunwa saboda aiki, an sa masa rigar tiyata yana kwance kan gadon turawa tun asuba, azahar ta yi a zo a ce ya tafi gida.

Ga abin da nake so ki riƙe. Layin tiyata ba kamar layin mai ba ne da wanda ya riga zuwa shi ake fara ba, tsananin ciwo ake dubawa. Fayil ɗin Baba yana ɗauke da bayanin yadda yake a da, don haka kar ku zauna jiran waya, ku koma kilinik ɗin likitocin fiɗa a sake duba shi a rubuta cewa ta girma tana hana shi sallah da tafiya. Ku tabbatar lambar wayar da ke fayil tana aiki, ku ce musu a shirye kuke ko yau aka kira don wani kan fasa a sa wani a gurbinsa. Gwaje-gwajen jini na da sun tsufa sai an sake. In yana da hawan jini ko suga a daidaita su tun yanzu, mutane da yawa a kan wannan ake sauke su ranar aikin bayan duk jiran da suka sha. Tari da taurin bayan gida da yunƙurin fitsari suna ƙara turo gwaiwa, a faɗa wa likita, kuma ya bar ɗaukar kaya mai nauyi.

Ki kuma tambayi likitan kai tsaye ko dole sai a babban asibiti. Gwaiwa da yawa ana yinta a janar asibiti da allurar kashe wuri ko ta baya, mutum ya koma gida ranar ko washegari, in ta Baba irin wannan ce a ba ku takardar turawa. Ku guji ɗakin ɗan kemis da ke cewa yana fiɗa da araha, wallahi ɓarnar da suke yi ba kaɗan ba ce.

Sai abu mafi muhimmanci, in kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa ciki, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ciki ya kumbura ko tusa ba ta fita, alama ce hanji ya maƙale kuma zai iya ruɓewa cikin awoyi. Kar a danna da ƙarfi, kar a gasa, kar a ba shi abinci ko jiƙo, a wuce imajansi kai tsaye ko da ƙarfe biyun dare ne, a nan babu maganar layi.