Ɗiyata ta daina barci saboda jarrabawar fita, yaya zan taimake ta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ɗiyata tana aji huɗu a jami'a, saura mako biyu su fara jarrabawar fita. Tun da aka kafe jadawali ta yi sallama da barci. Ita da ƙawayenta a aji suke kwana suna karatu har asuba, tana ta ɗirkar Nescafé da lemon ƙara kuzari don kada barci ya sace ta. Shekaranjiya ta kira ni tana kuka, wai gabanta faɗuwa yake yi, zuciyarta tana bugawa da ƙarfi, cikinta yana zafi, kuma duk abin da ta karanta da dare, in gari ya waye sai ta neme shi ta rasa. Akwai kwas ɗaya da ta faɗi bara, shi ne yake firgita ta. Babanta ya ce ragwanci ne, ta dage kawai. Yayata kuma ta ce bakin mutane ne, a nema mata rubutu. Ni dai hankalina a tashe yake. Me zan iya yi mata daga nan gida?

Wata uwa daga Funtuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta fita da sakamako mai kyau.

Ki ba Alhaji haƙuri, amma wannan ba ragwanci ba ne. Raggo ba ya kwana a kan benci sauro na cizonsa. Abubuwa uku ne suka taru a kanta: rashin barci, yawan kafeyin da take sha, wato sinadarin da ke hana barci a cikin kofi da lemon kuzari, da kuma tsoron faɗuwa. Tsoron ba zai sake ta gaba ɗaya ba sai ta ajiye biro a takardar ƙarshe. Biyun farko kuwa a hannunta suke, kuma in aka gyara su, cikin 'yan kwanaki za ki ji muryarta ta canza a waya.

Abin da yake yi wa ɗalibai wuyar yarda shi ne cewa barci ma karatu ne. Abin da mutum ya karanta, ƙwaƙwalwa tana fara yi masa riƙon wucin gadi ne, sai an yi barci mai nauyi sannan take jera shi ta adana. Wanda ya kwana yana karatu ya ƙi runtsawa kamar manomi ne da ya wuni yana girbi, ya tara dami a gona, ya ƙi kaiwa rumbu. Shi ya sa take wayar gari ta ji kanta fayau. Matashi mai shekara 18 zuwa 25 yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 ya auna mutanen da suka yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, aka tarar natsuwarsu da saurin tunaninsu sun ragu kamar na wanda ya sha giya har ya kai matakin da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi. To, a wannan hali ne ɗalibin da ya yi abin da suke kira TDB, wato karatu har gari ya waye, yake shiga ɗakin jarrabawa da ƙarfe takwas na safe.

Ba zan ce ta yi awa tara a makon jarrabawa ba, na san ba za ta ji ba. Ga abin da zai yiwu: ta rufe littafi da ƙarfe goma da rabi, ta kwanta sha ɗaya, ta tashi da asuba. Bayan sallah ta zauna a kan darasin da ya fi ba ta wuya, domin lokacin kai ya huta, ɗakin kwanan ɗalibai ma shiru. Bayan azahar ta yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30, kada ta zarce, kada kuma ta kai ta bayan la'asar, don kada ta ɓata barcin dare. Daren da za a wayi gari a yi jarrabawa, shi ne ma ya fi cancantar barci.

Akwai wani abu game da kwanan aji da ba a cika lura da shi ba. Zazzaɓin cizon sauro yakan bayyana ne bayan mako ɗaya zuwa biyu da cizon. Ki lissafa da kanki: sauron da ya cije ta daren jiya, zazzaɓinsa zai iya tashi daidai ranar takardar farko. Ta koma ɗakinta, ta shiga gidan sauro.

Sai batun kofi da lemon kuzari. Babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini ba, kuma ƙaramin gwangwani na lemon kuzari mai cin mililita 250 yakan ɗauki kimanin miligiram 80. Wasu ɗaliban sukan juye kofi a cikin lemon, su kuma tauna goro a kai, alhali shi ma goron kafeyin ne a cikinsa. Sinadarin nan ba ya saurin barin jiki. Bayan awa biyar da sha, kusan rabinsa yana nan yana yawo a jini. Wadda ta sha da ƙarfe tara na dare, ko ta kwanta ƙarfe biyu barcin zai zo sama-sama, ta tashi a gajiye, ta sake neman wani kofin. Bugun zuciya, rawar hannu, faɗuwar gaba da zafin ciki duk aikinsa ne in ya yi yawa, kuma su ne ainihin alamomin tsoro, sai mutum ya kasa bambance wanne ne wanne. Kada ta yanke shi rana ɗaya, ciwon kai zai kama ta. Ta rage zuwa kofi ɗaya da safe bayan ta ci wani abu, daga azahar kuma ta bar shi. Lemon kuzari dai ta ajiye shi gaba ɗaya.

Ki tambaye ta a hankali, ba da faɗa ba, ko wata ta taɓa miƙa mata ƙwaya don karatu ko don barci. Tun a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma abin bai ɓace daga hannun matasa ba. Tiramadol yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, baliyam kuwa yana sa barci amma yana hana ƙwaƙwalwa riƙe sabon abu. Babu ɗaya a cikinsu da yake abokin mai jarrabawa.

Yadda take karatun ma abin dubawa ne. Yawancin ɗalibai maimaita karanta handawut, wato takardun darasin da malamai suke ba su, suke yi, suna ja masa layi da biro, har idonsu ya saba da shafin su ɗauka sun iya. A shekarar 2006 wasu masana biyu a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada hanyoyi biyu. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya suka rufe, suka yi ta ƙoƙarin rubuto abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu rufewa su tuno sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Abin dariyar shi ne masu maimaitawar su ne suka fi tabbacin za su tuna. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a wanke allo sai an kife shi an biya wa malam da ka, kuma mahaddaci ba ya barin tilawa. Haka za ta yi. Ta karanta babi, ta kife, ta ɗauki farar takarda ta rubuta abin da ya zauna, sannan ta buɗe ta ga inda ya zube. Ta nemi tambayoyin shekarun baya na kwas ɗin da ta faɗi, ta amsa su da agogo a gabanta. Ita da ƙawa ɗaya ko biyu su riƙa yi wa juna tambaya da rana. Awa uku na irin wannan ya fi kwanan zaune.

Wannan ɗaukewar kai da ake yi a ɗakin jarrabawa kuwa, ba karatun ne ya gudu ba. In tsoro ya yi yawa, jiki yana sakin sinadaran adirinalin da kotisol, su kuma sukan toshe hanyar tuno abu na ɗan lokaci. In ta ji haka, ta ajiye biro, ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida ko takwas, kamar sau goma. Tsawaita fitar da numfashi yana rage gudun zuciya. Sai ta fara da tambayar da ta fi sani, sauran za su biyo. An kuma gwada wata dabara a Jami'ar Chicago a 2011: ɗaliban da suka ɗauki minti 10 kafin jarrabawa suka rubuta duk abin da yake tsorata su sun fi takwarorinsu masu fargaba samun maki. Ta yi wannan a ɗaki, ta yaga takardar kafin ta fita, kada a kama ta da ita a ce satar amsa ce. Ta kuma guji cincirindon bakin ƙofa, inda kowa yake tambayar kowa “kin karanta kaza?” Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zafin ciki yana son kulawa. Kada ta zauna da yunwa har yamma sannan ta auka wa taliyar leda. Ko kunu da ƙosai ne ta karya da safe, ta riƙa yawo da gorar ruwa, musamman in jarrabawar ta faɗo a bazara. In kai ya yi ciwo, farasitamol ya isa. Ibufurofen, dikulofenak da asfirin a kan cikin da babu komai suna iya ƙwarzane shi har ya zama gyambo. Tafiyar ƙafa ta minti 20 da yamma ita ma magani ce, tana sauke gajiyar kai, tana kawo barci.

Game da shawarar yayarki, addu'a ba ta da madadi, kuma mai yin ta yakan sami natsuwar da likita ba zai iya rubutawa a takarda ba. Ta riƙe azkar ɗinta, ku ma ku yi mata. Abin da ban so ba shi ne a gaya mata an yi mata baki. Yarinyar da take tsoron kwas ɗaya, in aka ƙara mata da tsoron maƙiya, an ninka mata kaya ne.

A nan ne aikinki yake, Hajiya. Yawancin ɗaliban da suke zuwa mana a wannan hali, ba takardar suke tsoro ba kamar yadda suke tsoron idon iyayensu. Suna lissafin kuɗin makarantar da aka biya, da ƙannen da aka ce su yi koyi da su, da 'yar maƙwabta da ta riga ta tafi bautar ƙasa. In kin kira ta, ki fara da “kin ci abinci? ƙarfe nawa kika kwanta jiya?” Ki bar “saura kwana nawa?” domin ta fi ki sani. Ki gaya mata ƙarara cewa ko kwas ɗin nan ya sake kayar da ita, za ta maimaita ta wuce kamar yadda dubbai suka yi, kuma babu abin da zai ragu a matsayinta a gida. In Alhaji zai faɗi wannan da bakinsa, ko da jimla ɗaya ce, ya fi naki tasiri, tunda shi take jin nauyi. In akwai mai zuwa, ki aika mata da dambun nama, dabino, gyaɗa da garin kunu, da ɗan kuɗin abinci don kada ta tsaya girki.

Cikin makon nan ta leƙa asibitin makaranta a auna jininta, a duba zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, domin ƙarancin jini yana yawa ga 'yan mata kuma shi ma yana sa bugun zuciya da kasala. Amma in ta yi aman jini, ko bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, ko ta suma, ko ƙirjinta ya riƙe har numfashi yana gagara, wannan ba ya jiran gobe. Haka nan in kika ji ta fara cewa ta gaji da rayuwa, ko gara ta mutu ta huta, kada ki ɗauka shagwaɓa ce. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin. In ta amsa da e, ki sa wata amintacciya ta zauna da ita, ki kama hanya a ranar, ku ga likitan ƙwaƙwalwa. In kuma an gama jarrabawa da mako biyu amma kuka da rashin barci da ƙin abinci ba su tafi ba, ki kai ta a duba ta, domin lamarin ya wuce fargabar jarrabawa.