Mama ta daina cin 'ya'yan itatuwa da ganye, yaya zan yi?

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekarunta 74. Da can ba ta wasa da 'ya'yan itatuwa, amma yanzu in na kawo mata sai ta ci na kwana biyu ta bari, sauran su ruɓe. Ganye kuwa cewa take ba ya mata daɗi. Me zan yi ta ɗore da ci?

Amsa: Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kafin ki sake sayo komai, ki fara duba bakinta. Dattijon da ya saba cin abu shekara da shekaru ba ya barinsa haka kawai, kuma da yawa ba sa faɗin dalili don kunya. Haƙori mai girgiɗi, dasashi mai ciwo, ko haƙoran roba da ba su zauna daidai ba, duk suna mayar da cin tuffa ko ɗanyen karas wahala. Ki zauna kusa da ita ki lura: tana tauna da gefe ɗaya? Tana juya loma a baki ta daɗe ba ta haɗiye ba? Wasu magungunan hawan jini da na fitsari suna busar da yawu, shi kuma busasshen baki ba ya jin daɗin abinci. Ga ɗanɗano da jin ƙamshi suna raguwa da shekaru, don haka in ta ce ganye ba ya mata daɗi, gaskiyarta ce. In kin ga alamar ciwo, ki kai ta wurin likitan haƙori. In kuma tana sarƙewa ko tari lokacin haɗiya, ko tana ramewa, wannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganye a rana, wato kashi biyar na giram 80, ban da dankali da rogo. Kashi ɗaya bai wuce ayaba matsakaiciya ɗaya ko cikin tafin hannu ba. Kada wannan lissafi ya tsorata ki. Wadda ke cin kashi ɗaya yau, in ta kai biyu ta riƙe su, an ci riba.

Abin da na fi ganin yana ɗorewa shi ne a laƙa sabon abu a jikin abin da ta riga ta saba. In tana shan magani bayan karin kumallo, yankakkiyar ayaba ta zo tare da kofin ruwan, kullum a wannan lokacin. Ki ɓare lemo ki cire 'ya'yan, ki yanka kankana ƙanana a faranti, domin abin da ke buƙatar wuƙa yakan kwana a kwando. Ki riƙa sayen kaɗan-kaɗan. Karas da kabeji a turara su su yi laushi, ko a dafa da ruwa kaɗan a bar ruwan cikin miya, saboda doguwar tafasa tana cinye bitamin C. In da hali ku ci tare. Tsofaffi sun fi cin abinci idan akwai abokin ci, kuma yawan faɗa ba ya buɗe ciki.

Cin ɗan itacen kansa ya fi shan ruwansa da aka tace, musamman ga mai ciwon sukari, don harza, wato zare-zaren cikin ɗan itacen da ke rage taurin bayan gida, tana tafiya ne da tacewa. Mama ta riƙa shan ruwa sosai tare da cin 'ya'yan itatuwan.

Sai abu biyu da ba na so ki yi sakaci da su. In Mama tana da ciwon ƙoda, ayaba da lemo da tumatir suna da sinadarin fotasiyam da yawa, likitanta ne zai faɗi iyakar da za ta ci. In kuma tana shan maganin tsinka jini na warfarin, bitamin K da ke cikin korayen ganye yana rage ƙarfinsa. Ba a hana ta ganye ba, amma ta riƙa cin kusan adadi ɗaya kowane mako, kuma ki sanar da likita kafin ki ƙara mata.