Mu a Gana ba mu da sanata

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa na lafiya a Kano. Ka tambaye ni wane ne sanatanmu, mu Hausawan Kumasi, kuma ta wace ƙofa muke kai kukanmu idan za a yi dokar da ta shafe mu. Ba mu da sanata, kuma duk faɗin Gana babu mai shi. Majalisar dokokinmu ɗaya ce tal, tana Akra, kujerunta 276. Ku kuna da dattawa 109 da wakilai 360, ga kuma majalisa a kowace jiha. Mu yankuna gare mu guda 16, ministan kowane yanki shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, kuma ba shi da wata majalisar da za ta yi masa doka. Duk dokar da za ta hau kan mai sayar da albasa a Bawku ko masunci a Takoradi daga wannan zaure guda take fitowa. Da kujeru 200 aka fara a 1993, lokacin da aka koma mulkin farar hula, aka yi ta ƙari har aka kawo inda ake yau. Ana zaɓe ranar 7 ga Disamba duk shekara huɗu, a rantsar da su 7 ga Janairu.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne zaman ministoci. A wajenku idan sanata ya samu minista sai ya ajiye kujerarsa. A nan kundin tsarin mulki na 1992 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya ɗebo mafi yawan ministocinsa daga cikin 'yan majalisa, kuma da kujerunsu suke tafiya. Mutum ɗaya da safe yana ofis yana sa hannu a takardun ma'aikata, da rana yana zaure yana jefa ƙuri'a kan kasafin kuɗin wannan ma'aikatar. Ni dai ban taɓa ganin alherin wannan tsari ba. Ɗan majalisar jam'iyya mai mulki da bai samu muƙami ba kunnensa na kan waya, yana jiran kira daga fadar shugaban ƙasa ta Jubilee, to yaya za a yi ya tsare gwamnati da tambaya mai zafi? Masu kare tsarin suna cewa yana sa aiki ya yi sauri. Gaskiya ne yana yi, amma ba kowane sauri ne ake so ba.

Kakakin majalisa kuwa ba ya wakiltar kowace mazaɓa. Ana iya ɗauko shi daga waje, idan kuma ɗan majalisa ne sai ya sauka daga kujerarsa. Ba shi da ƙuri'a, ko da an yi kunnen doki. In ƙuri'u suka zo daidai, maganar ta faɗi ke nan. Mataimakansa biyu kuma ba a yarda su fito daga jam'iyya ɗaya ba.

Waɗannan ƙa'idoji ba wanda ya damu da su sai bayan zaɓen 2020, da jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin ta samu kujeru 137, jam'iyyar adawa ta NDC ma 137, ga ɗan takara mai zaman kansa guda daga Fomena a tsakiya. Daren 6 ga Janairun 2021 kusan babu wanda ya runtsa a zangon Kumasi, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi. An kwana gaban talabijin ana dafa shayi, ana kallon manya sanye da fararen kaya suna ture-ture a kan akwatin zaɓen kakaki. Can cikin dare sojoji suka shigo zauren da bindigogi, abin da ya sa jikin dattawanmu ya yi sanyi, don sun ga zamanin juyin mulki da idonsu. Da gari ya waye ana ƙirga, sai wani ɗan majalisar NPP, Carlos Ahenkorah, ya wafce takardun ƙuri'a ya ruga. Wanda ya bi shi a guje ya cim masa shi ne Muntaka Mubarak, ɗan majalisarmu na Asawase, mazaɓar da Aboabo da Sawaba suke ciki. Ihun da aka yi a unguwa kai ka ce ƙwallo aka ci. A ƙarshe Alban Bagbin na NDC ya zama kakaki alhali NPP ce ke mulki. Shekara huɗun da suka biyo baya kowace ƙuri'a sai an ƙirga kawuna. A Disambar 2021 har dambe aka ba hammata iska a kan harajin tura kuɗi ta waya, wanda ake kira E-Levy, saboda mataimakin kakaki da ke jagorantar zaman ya so ya tashi daga kujera ya je ya jefa ƙuri'a. Sai da kotun ƙoli ta ce yana da wannan dama. Harajin ya wuce a Maris 2022 bayan 'yan adawa sun fice, ana cire kashi 1.5 cikin ɗari, kuma matan da ke sarin kaya ta waya ne suka fi jin jiki. An soke shi a 2025, bayan NDC ta dawo da rinjaye mai yawa.

Hanyar da ƙuduri ke bi ba ta da nisa da taku, sai dai babu majalisa ta biyu da za a jira. Dole a haɗa shi da takardar bayanin abin da ya sa ake son sa da gyaran da zai kawo, a buga a jaridar gwamnati aƙalla kwana 14 kafin a shigo da shi, in ba an ce na gaggawa ne ba. Karatu na farko suna kawai ake karantawa, a miƙa wa kwamiti. Kwamiti ya kira masu ruwa da tsaki, ya kawo rahoto, a yi karatu na biyu inda ake muhawara kan manufa. Daga nan sai a bi shi saɗara saɗara ana gyara. A wannan mataki ake karkata sandar majalisa, wadda a sauran lokuta a tsaye take, alamar an sassauta ƙa'ida, mutum na iya yin magana fiye da sau ɗaya. Bayan karatu na uku a kai wa shugaban ƙasa. Kwana 7 gare shi ya ce ya amince ko ya ƙi, sai fa idan ya tura wa Majalisar Ƙasa mai ba shi shawara. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya tilasta masa.

Amma akwai sashe na 108 na kundin tsarin mulki, kuma shi ne ya kamata ka riƙe. Duk ƙudurin da zai sa haraji ko ya ci kuɗin baitulmali, ba ya shigowa sai daga hannun shugaban ƙasa ko da yawunsa. To wace doka ce ba ta cin kuɗi? A 2023 majalisa ta zartar da ƙudurin da wasu 'yan majalisa suka kawo da kansu don hana jifan mutane da maita, musamman tsofaffin mata a arewa, Shugaba Akufo-Addo ya ƙi sa hannu, ya kafa hujja da wannan sashe. Shi ya sa a nan ɗan majalisa komai son da yake yi mana ba zai iya tashi shi kaɗai ya kawo dokar gina wa zango asibiti ba.

Ga kuma wasu ƙofofi biyu da suke rufe. Ba a yarda a kafa jam'iyya kan addini ko ƙabila ba. Kakanninmu sun gwada: a shekarun 1950 akwai jam'iyyar Musulmi, MAP, mai ƙarfi a zangon Kumasi da Akra, dokar 1957 ta haramta irinta. A wannan shekarar ce gwamnatin Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, shari'a ba ta ƙare ba majalisa ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayensu, aka rufe maganar. Kundin yanzu ya hana majalisa yin dokar da za ta sauya hukuncin kotu tsakanin masu shari'a, ko ta koma baya ta tauye wa mutum haƙƙi, kuma duk lokacin da na karanta wannan sashe su nake tunawa. Sai kuma 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Ai ka san wasu daga cikin danginmu a lokacin suka dawo muku. Ƙofa ta biyu ita ce sarauta. An hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya ko tsayawa takarar majalisa. Ƙudurin da ya shafi sarauta dole a kai shi Majalisar Sarakuna ta Ƙasa, wadda ke nan Kumasi, amma manyan sarakunan masu ƙasa ne ke zama a cikinta. Sarkin Zangonmu a ƙarƙashin Asantehene, babban sarkin Asante, yake.

Saboda haka mun koyi tarar magana tun tana nesa. Lokacin da jam'iyyu ke rubuta alkawuran zaɓe, a lokacin sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa ke kai buƙata, don abin da ya shiga takardar alkawari shi ne gwamnati za ta iya kawowa majalisa da kuɗinsa. Babu ɗan takarar shugaban ƙasa da ba ya zuwa gaida babban limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, kuma ba don addu'a kaɗai suke zuwa ba: ƙuri'ar zango a Asawase da Nima da Madina ba ta wasa ba ce. Haka aka samu hutun sallah ƙarama da babba a zamanin Rawlings. Haka kuma a 2017 aka samu abu biyu, ma'aikatar raya zanguna da asusun raya zanguna. Ma'aikatar shugaban ƙasa ne ya ƙirƙire ta, a 2021 ya rushe ta, ba wanda ya tambaya. Asusun kuwa dokar majalisa ce ta kafa shi, sai ya zauna. Mutane suna ƙorafin cewa aikinsa bai kai alkawarin da aka yi ba, kuma suna da gaskiya, amma mai son ya kashe shi sai ya koma zaure a gaban kowa. Tun daga nan idan ɗan siyasa ya zo ya ce zai yi mana kaza, akwai samarin da ke tambayarsa: a doka za ka sa, ko a baki?

Kada in sa ka ɗauka duk mun zama masana doka. Je ka ƙofar gidan ɗan majalisa a ƙarshen mako bayan sallar asuba. Benci cike: wannan da takardar kuɗin makaranta, wannan da ta asibiti, waccan da goron gayyatar suna, ga wakilan wani masallaci da ya rage rufi. Da wuya ka sami mai tambayar yadda onarabul ya jefa ƙuri'a a kan wani ƙuduri. Kwata da fitilar titi da shara aikin majalisar gunduma ne, inda muke da namu kamar kansilolinku, waɗanda ba a tsayar da su da sunan jam'iyya, amma duk da haka kan ɗan majalisa ake dawowa. Akwai ɗan kason da ake ware masa daga asusun gundumomi, bai taka kara ya karya ba. Wanda bai zo jana'iza da addu'ar bakwai ba, ko ya fi kowa iya magana a Akra, zai ji a jikinsa ranar zaɓen fid da gwani. Tsofaffin ƙa'idojin majalisa ma sun ambaci Hausa cikin harsunan da ɗan majalisa zai iya jawabi da su idan akwai tafinta, sai dai Turanci ne ke aiki kusan kullum.

Ka kuma yi tambaya kan aure da gado, tunda ba mu da kotun Shari'a. Akwai dokar Turawan mulki ta 1907 da ta ce a yi wa auren Musulmi rajista cikin mako guda, ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi su sa hannu. Yawancinmu ba ma yi. A ɗaura a masallaci, a raba goro, shi ke nan. Gado kuwa malamai ne ke rabawa a gida bisa ƙa'idar Musulunci, matuƙar magada sun yarda. Amma idan ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, kuma mamacin bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar gado ta 1985 ce za ta yi aiki, wadda gwamnatin soja ta yi wa kowa da kowa ba tare da duba addini ba, kuma rabonta daban yake da na malamai. Shi ya sa wasu masu gidaje a Aboabo yanzu suke zuwa wurin lauya su rubuta cewa a raba dukiyarsu bisa Shari'a. Gidan Baffa da kake tambaya a kansa yana cikin waɗanda ba a rubuta ba, don haka ka yi wa Inna bayani tun kafin ku taso.