Amsa: Biyan wani kaso na bashin Help to Buy, sai da lauya?

Ɗan'uwa, ka ce gwamnatin Ingila na da kashi 20 cikin ɗari a gidanka ta tsarin Help to Buy, wato bashin da gwamnati ta ba ka don sayen gidan, kana son biyan rabi, kana tambaya ko dole sai da lauya. E, dole ne. Homes England, hukumar gwamnati da ke kula da bashin, ba ta karɓar kuɗin daga hannunka kai tsaye, lauyan da ke aikin takardun gidaje ne zai tura, ya kuma gyara takardu.

Abin da ya fi dame ni shi ne lissafin. Ba kuɗin da aka ranta maka za ka raba biyu ba, darajar gidan a yau ake dubawa. A ce ka saya fam 200,000, yanzu ya kai 250,000, to kashi 10 ya zama 25,000 ke nan, ba 20,000 ba. Kuma ƙasa da kashi 10 na darajar gidan ba sa karɓa.

Ka fara da mai kimanta gida mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta gidaje. Rahotonsa wata 3 kawai yake aiki, don haka ka samu lauyanka tun kafin a zo awon gidan. Ni na yi sakaci, rahoton yana ajiye a kan teburin falo har wa'adinsa ya kusa cika. Akwai kuma kuɗin hidima fam 200.

Da ka kira lauya, ka tambaye shi ƙarara ko ya taɓa yin aikin Help to Buy. In shekara ta 6 da karɓar bashin ta gabato, ka hanzarta, don daga nan ruwan kashi 1.75 ke fara hawa. Allah ya sa albarka a gidan.