Na karɓi hawainiya a hannun yara, ta ƙi ci ta ƙi sha: yaya zan yi da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Unguwar Dosa ne a nan Kaduna. A makon jiya na tarar da wasu yara sun kama hawainiya a jikin mangwaro suna shirin jifan ta, sai na ba su 'yan kuɗi na karɓe ta da niyyar kiwo, saboda ɗana yana son dabbobi. Na sa ta cikin kwali a ɗaki, na ajiye mata ruwa a murfin roba, da latas da ɗan tuwo. Har yau ba ta taɓa komai ba, kuma da tana kore shar, yanzu ta koma baƙi-baƙi. Mahaifiyata kuma ta ce in fitar da ita, wai tana da dafi. Ban taɓa irin wannan kiwon ba. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa ceton da ka yi mata. Amma tun kafin ka gama karanta amsar nan, fitar da ita daga kwalin nan, domin shi ne zai fara kashe ta kafin yunwa.

Hawainiya dabbar bishiya ce. Dubi ƙafarta: yatsun a manne suke kashi biyu, biyu gefe guda uku ɗaya gefen, don damƙar reshe. Wutsiyar ma nannaɗe reshe take yi. Idan aka ajiye ta a ƙasa, wurin da babu abin kamawa kuma babu ganyen ɓuya, a ganinta kowane lokaci za a iya cinye ta. Baƙin da ka ga ta yi alamar tsoro ne da takura. Mutane na ɗauka tana sauya launi ne don ta saje da duk abin da ta hau, alhali galibi halin da take ciki ne da zafi ko sanyin jikinta ke juya launin. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janiba sun nuna cewa a cikin fatar akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu mayar da haske, waɗanda matsewarsu ko warwatsuwarsu ke canza launin da ido ke gani. Da safe in ana sanyi takan yi duhu don ta zuƙi zafin rana, wannan ba komai. Amma baƙi na yini guda, kullum, ƙorafi ne.

Ka sa kafinta ya yi maka keji na katako da ragar sauro ta waya ko ta roba, mai tsayi ba mai faɗi ba: ƙafa 2 a faɗi, ƙafa 2 a zurfi, ƙafa 4 a tsaye. Kada a yi da gilas. A ɗora shi a kan teburi, don hankalinta ya fi kwanciya idan tana kallon mutane daga sama. A gitta rassan gwaiba ko na mangwaro masu kaurin yatsa, sannan a sa shuka mai rai a tukunya, mai ganye sosai yadda sai an duba da kyau kafin a gan ta. Rama ko yakuwa ma sun yi. A wannan karon dai ba za a ce hawainiyarka ta kiyayi ramar kowa ba. Tumfafiya da tinya kada su kusanci wurin. Ƙafafun teburin kuma a tsoma su cikin gwangwanaye da ruwa saboda tururuwa da cinnaka, a kuma lura da kyanwa.

Ruwa shi ne inda masu kiwon farko suka fi yin asara. Hawainiya ba ta san ruwan kwano ba. A daji raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye, don haka tana iya mutuwa da ƙishirwa ga ruwa a gabanta. Sayi sabuwar kwalbar feshi irin ta shagon aski, wadda ba a taɓa zuba mata komai ba, ka fesa wa ganyen ruwa safe da yamma, kamar minti 2 zuwa 3 kowane lokaci. Ganyen za ka fesa, ba fuskarta ba. Sai ka ɗauki ledar fiya wata ka huda ta da allura, ka ɗora a saman kejin ta riƙa ɗiga a kan ganye sannu a hankali. Daga nan ka ja baya. Da yawansu ba sa sha idan ana tsaye a kansu.

Wannan batu ya fi tsanani a lokacin sanyi. Da hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar Kaduna busar da komai take yi, feshin da ka yi da safe ba ya daɗewa. A lokacin sai ka ƙara na rana, ka rataya jiƙaƙƙen tsumma ta ɓangaren da iska ke bugowa. Za ka gane ko tana samun ruwa daga kashinta: yana fitowa da wani ɓangare fari. In farin nan ya koma ruwan lemo, ko idanunta suka faɗa ciki, ƙishirwa ta kama ta.

Tuwo da latas kuwa a kwashe su. Ƙwari take ci, kuma masu rai, don abin da ba ya motsi ba ta ɗaukar sa abinci. Harshenta, wanda kan kai tsawon jikinta har ya zarce, da shi take harbo su daga nesa. Fara, gyare, ƙuda, da shinge idan damina ta faɗi, duk abincinta ne. Kada ƙwaron ya fi tazarar da ke tsakanin idanunta kauri. Babba, ƙwari 4 zuwa 6 duk bayan kwana biyu sun wadatar. Ƙarama kullum take ci. Farar tumfafiya haramun ce gare ta, saboda tana tara gubar ganyen da take ci a jikinta. Haka duk ƙwaron da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, ko kyankyason masai. Kuma ɗakin da ake kunna maganin sauro ko zuba fiya-fiya ba wurin zamanta ba ne.

Ƙwarin kansu sai an ciyar da su. Ka tara su a roba mai huji, ka ba su ganyen zogale da karas da kabewa na yini guda kafin ka miƙa mata, don abin da ke cikinsu shi ne amfaninta. Sannan ka riƙa barbaɗa musu garin kalsiyam kaɗan, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. In ba ka samu na kanti ba, dafa ɓawon ƙwai, shanya shi, ka niƙe shi lukui.

Kalsiyam ɗin ba zai yi aiki ba sai da rana. Fatarta na buƙatar hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, kafin ta haɗa bitamin D3, shi kuma ke sa jiki ya ɗauki kalsiyam. In babu shi ƙasusuwa su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya saki, harshe ya daina kai wa ga fara. Ƙashin da ya riga ya lanƙwashe kuma ba ya miƙewa. Masu kiwo a Turai da Amurka kuɗi suke kashewa kan fitila ta musamman, mu kuwa Allah ya hore mana rana kyauta, ga shi wutar lantarkinmu ma ba abin dogaro ba ce. Ajiye kejin a baranda ko ƙarƙashin bishiya, inda hantsi zai same shi na awa biyu ko uku, amma rabin kejin ya kasance a inuwa koyaushe don ta zaɓi inda take so. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta da amfani, gilas na tare UVB. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, ranar safe kawai, sai inuwa. In ka ga ta hangame baki, launinta ya koɗe, zafi ya yi mata yawa.

Game da maganar Hajiya, a lallaɓa a sanar da ita cewa hawainiya ba ta da dafi, ko a haƙori ko a miyau. In an takura mata takan kumbura, ta yi huci, ta yi cizo, amma cizon bai wuce a wanke da sabulu ba. Sai dai taka-tsantsan ɗin Hajiya yana da gurbi: kamar sauran dangin ƙadangare, tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Duk wanda ya taɓa ta ko kejinta ya wanke hannu, yaron da bai kai shekara 5 ba kuma ya tsaya a kallo. Shi ma ɗan naka a gaya masa tun yanzu cewa wannan dabbar kallo ce. Ba ta sabo irin na kyanwa, yawan ɗauka rage mata kwana yake yi. Kada a fizge ta daga reshe, ana iya karya mata yatsu. Kada kuma a ji tausayinta a nemo mata abokiyar zama; su biyu a keji ɗaya faɗa ne.

Duba gindin wutsiyarta. Na namiji ya fi kauri, a wasu nau'ukan ma yana da ɗan tsini a dunduniyar ƙafar baya. In mace ce, tana iya zuwa maka da ciki, kuma ko babu namiji takan yi ƙwai. Sa mata bokiti mai zurfin ƙafa guda cike da yashi mai danshi a cikin kejin. Da ka ga ta sauko ƙasa tana kai-kawo, tono take son yi, sai a rufe gefen da zane a ba ta wuri. Wadda ba ta samu inda za ta binne ba, ƙwan na iya maƙale mata har ta mutu.

Kusan duk wadda aka kamo daga daji tana zuwa da tsutsar ciki, kuma takurar keji na ba tsutsar dama. Kai sabon kashinta wurin likitan dabbobi a duba, kada ka ba ta maganin kaji ko na awaki da ka, don abin da ya wuce ƙima kaɗan ya isa ya kashe dabba mai wannan ƙanƙanta. Idan ba ka samu wanda ya saba da irin waɗannan a cikin gari ba, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Rufe ido da rana tsaka, kumfa a baki, ko faɗowa daga reshe, ba abin jira ba ne.

Ra'ayina, tunda ka tambaye ni: ba zan ba mai kiwon farko shawarar farawa da hawainiyar daji ba. Waɗanda ake kiwo a ƙasashen waje, irin ta Yaman da ta Madagaska, galibi a keji aka ƙyanƙyashe su, ba su san wata rayuwa ba. Taka kuwa ta girma ne a sake. Yi duk gyaran da na lissafa, ka ba ta mako guda ba tare da kowa ya taɓa ta ba. In ta dawo kore, ta fara sha, ta fara harbin fara, ci gaba da kiwonka. In ba haka ba, kada ka jira ta galabaita. Ɗauke ta da sassafe, kai da yaron, ku kai ta lambu mai duhuwar bishiyoyi kusa da inda aka kamo ta, nesa da hanyar da yara ke bi, ku ɗora ta a reshe mai tsayi.