Kunne Ya Girmi Kaka: Amsoshi Kan Kalmomin Asali Da Salsala

Wasiƙun da suka taru a gabana a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Masu su suna neman sanin waɗanda suka haifi iyayensu da kakanninsu, sai suka tarar kalmomin da suke ji kullum a bakin manya sun fi yadda suka zata zurfi. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita lafazinsu ba tare da na taɓa ma'ana ba.

Tambaya: Malam, ina tattara sunayen kakanninmu a takarda, amma na rasa abin da zan rubuta a samanta: asali, ko salsala, ko nasaba, ko zuriya? Na kuma ga wasu suna rubuta "bishiyar iyali".

Amsa: Ɗan'uwa, kalmar da kake nema ita ce salsala. Duka huɗun daga Larabci muka aro su, amma da suka zauna a bakin Bahaushe sai kowace ta kama aikinta. Asali yana nuna mafari, wato gari ko ƙabila ko gidan da aka fito, don haka idan aka ce wasu mutane asalinsu Gobirawa ne, an faɗi inda suka taso ba tare da an lissafa sunan kowa ba. Salsala ta fito daga kalmar da Larabawa suke kiran sarƙa da ita, kuma siffar sarƙar tana nan a ma'anarta: wane ɗan wane ɗan wane, kowane suna yana riƙe da na bayansa, in ɗaya ya ɓalle a ce salsala ta yanke. Nasaba ita ce alaƙar jini da ke haɗa mutum da wanda ya haife shi, shi ya sa ake jin alƙalai da malaman fiƙihu suna maganar tabbatar nasaba, ko da yake ma'anarta ta yi faɗi har ana cewa wannan matsala tana da nasaba da waccan. Zuriya kuwa gangarowa take yi daga sama zuwa ƙasa. Kai zuriyar kakanka ne, shi kuwa ba ya cikin taka. Idan ka ce "zuriyarmu" kana nufin duk waɗanda suka fito daga kaka ɗaya, ka yi daidai, amma mai cewa "ina binciken zuriyata" alhali magabatansa yake nema, ya juya wa maganar baya.

Muna da namu na gida waɗanda ba aro ba ne, kuma ina so a riƙa tunawa da su. Akwai tushe, akwai dangi, akwai iri, akwai kuma tsatso, wanda a jikin mutum yake nufin ƙugu ta wajen baya, daga nan aka ce wane ya fito daga tsatson wane. Ita kuwa "bishiyar iyali" fassara ce kai tsaye daga Turanci. Kamanta dangi da itace ba baƙon abu ba ne, tunda malamai masu rubutu da Larabci sun daɗe suna kiran irin wannan zane shajara. Inda gizo yake saƙar shi ne kalmar iyali, domin iyalin mutum su ne matansa da 'ya'yansa da waɗanda yake ciyarwa, kakan kakansa kuwa ba ya cikinsu. Ka rubuta "Salsalar gidan wane", kowa zai gane.

Tambaya: Malam, wane ne tattaɓa kunne, kuma me ake kiran wanda ya biyo bayansa?

Amsa: 'Yar'uwa, in ana gangarowa, akwai ɗa, sai jika, sai ɗan jika, shi ne tattaɓa kunne. A wasu wurare akan ce taɓa kunne ko kama kunne. Bayanin da tsofaffi suka fi yi wa sunan shi ne, kafin mutum ya kai ga ganin ɗan jikansa idonsa ya yi rauni, sai a miƙo masa jariri ya shafa kansa ya tattaɓa kunnensa, ta haka yake saninsa. Daga nan gaba babu kalma guda da Hausawa suka haɗu a kanta, sai dai a ce jikan jika, ko ɗan tattaɓa kunne. Haka abin yake in ana hawa: uba, kaka, uban kaka, kakan kaka, daga nan sai a dunƙule kowa a ce kaka da kakanni, ko magabata. A ganina harshe ya tsaya ne daidai inda ido yake tsayawa, domin da wuya a sami gidan da aka zauna da fiye da hawa huɗu a raye lokaci ɗaya.

Misali daga gidan da kowa ya sani zai fi fayyace abin. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka kashe a 1966, ɗan Ibrahim ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ke nan Sardauna jikan Atiku na Raba ne, tattaɓa kunnen Muhammadu Bello, kuma jikan jikan Shehu. Masu binciken salsala su lura da wani abu a nan. An haifi Shehu a 1754, an haifi Sardauna wajen 1910, wato fiye da shekara 150 a hawa huɗu kacal, kusan shekara 39 ga kowane hawa. Wannan tazara mai tsawo ce, kuma ana samunta a gidajen da maza suke haihuwa har cikin tsufa. Duk da haka, wanda ya zo da sunaye bakwai ya ce sun kai shi shekara 1000 baya, lissafinsa bai cika ba, kuma tabbas an tsallake sunaye da yawa a tsakiya.

Tambaya: Malam, mene ne ainihin ma'anar "kunne ya girmi kaka", kuma shin ana iya dogara da labarin baka wajen rubuta tarihin gida?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaukar hankalina. Ma'anar karin maganar ita ce, abin da mutum ya ji yana iya riga haihuwar kakansa, domin kakan ya ji daga nasa kakan, shi ma ya ji daga wani. Yaro ɗan shekara goma da ya zauna gaban tsohuwa 'yar shekara 90, tana ba shi labarin da ita ma ta ji daga kakarta tun tana ƙarama, kunnensa ya taɓo abin da ya faru kusan shekara 150 kafin zamansu. Da wannan ne masu nazari suke kiran tarihin baka "tarihin kunne ya girmi kaka". Sai dai wasu sukan faɗi sunan da raini, kamar suna cewa jita-jita, kuma wannan ba adalci ba ne ga karin maganar, domin girmama kunne ta zo yi.

Ko tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908, ya lissafa sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello ɗan Ibrahim Dabo, kuma manazarta sun yarda cewa yawancin abin da ya faɗa kan sarakunan farko daga bakin mutane da waƙoƙin fada aka ɗauko shi kafin ya shiga takarda. Tawada ta zo daga baya ta kama abin da kunne ya riƙe.

Amma kunne yana da halayensa, kuma wanda bai san su ba zai sha wahala. Yana riƙe suna mai ƙarfi ya saki mai rauni. Kalmar "ɗan" ita ce ƙofar da wannan ɓarna take shigowa, domin Bahaushe yakan ce "ɗan wane ne" yana nufin jikansa ko tattaɓa kunnensa, in dai wanen nan shi ne sanannen gidan. Kunne kuma ba ya riƙe shekara da lamba, da aukuwa yake riƙe ta. Idan ka tambayi tsoho a wace shekara aka haifi ubansa, zai yi shiru. Ka tambaye shi ko uban ya yi wayo lokacin da Turawa suka ci Kano, wato 1903, ko lokacin da jirgin ƙasa ya iso, wato 1911, ko lokacin murar da ta game duniya a 1918, ko yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945, sai ka ga bakinsa ya buɗe. Na taɓa zama da wata dattijuwa ina neman shekarar aurenta, ta ce ita ba ta san wannan ba, ta ci gaba da tsinkar zare daga bakin zanenta. Can da hira ta yi nisa sai ta ce da goyon ɗanta na fari a bayanta ta ji labarin zuwan Sarauniyar Ingila. Wannan ziyara a 1956 aka yi ta, kuma da jimlar nan ɗaya na daidaita shekarun mutum uku a gidan. Shawarata ita ce a ji labari daga baki biyu ko uku waɗanda ba ɗaki ɗaya suka fito ba, a rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, in bakunan sun saɓa a ajiye kowanne yadda ya zo.

Tambaya: Malam, sunan uban kakana Balarabe, kuma ana kiran wansa Alhaji tun yana yaro. Wannan yana nuna asalinmu Larabawa ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin yanke hukunci, kama da wane ba ta wane. Balarabe yana da fuska biyu a Hausa: mutumin ƙasar Larabawa, da kuma namijin da aka haifa ranar Laraba, kamar yadda ake kiran mace Laraba ko Balaraba. Fuska ta biyun ta fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ma Alhaji akan laƙaba wa yaron da aka haifa lokacin aikin hajji, ko da bai taɓa taka Makka ba. Idan babu wata shaida daban, abin da sunayen nan suka ba ka shi ne ranar haihuwar ɗaya da watan haihuwar ɗayan.

Wannan ma ba ƙaramar riba ba ce, domin laƙabin Hausa taska ce ga mai bin salsala. Tanko yana gaya maka cewa mata ne suka riga shi zuwa, Kande kuma maza ne suka riga ta. Gambo yana nuna an yi tagwaye kafinsa, don haka in ba ka ga tagwaye a takardarka ba, akwai sunaye biyu da suka ɓace maka. Audi an haife shi bayan rasuwar uba, wato shekarar haihuwarsa tana nuna maka shekarar mutuwar mahaifinsa. Auta shi ne rufin ɗaki. Dikko da Sambo daga Fulatanci suka shigo, suna nufin ɗan fari da mai bi masa. Haka kawu da baffa da gwaggo, su ma aro ne daga Fulatanci, kuma suna da amfani sosai, domin suna raba dangin uwa da na uba, abin da kalmar kaka ba ta yi.

Wahalar da za ka fi haɗuwa da ita ita ce alkunya. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ba a kiransa da sunan, sai a ce Abba ko Baba ko Maisuna, yarinya kuma Ummi ko Mama ko Inna, har mutum ya tsufa jikokinsa ba su san sunansa na yanka ba. Amma alkunyar da ta ɓoye suna ita ce kuma take tona shi, domin duk inda ka ga Abba a gida, ka tambayi sunansa na gaskiya, galibi ka samo sunan wani kaka. Sunayen mata sun fi saurin ɓacewa, tunda salsala ta wajen uba ake jerawa, mace kuma da laƙabi aka fi saninta. Abin sha'awa ne cewa tarihin Kano da na ambata yakan faɗi sunan mahaifiyar sarki bayan na mahaifinsa, kuma ina roƙon masu rubuta salsalar gidajensu su yi koyi da wannan.

Tambaya: Malam, an ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", an kuma ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Wanne ne gaskiya game da gado?

Amsa: Kowace tana da wurin faɗarta. Ta farko, tare da 'yan'uwanta irin su "kyan ɗa ya gaji ubansa" da "ɗan na gada ya fi ɗan na koya", akan faɗe ta idan aka ga ɗa ya ɗauko gwanintar gidansu. Ta biyu ta takaici ce: ruwa mai daɗi aka ba albasa, ta fito da yaji da wari, kamar mutumin kirki da ya haifi wanda bai biyo shi ba. Mai binciken magabata zai ci karo da duka biyun a gida ɗaya, malami da wanda ya gudu daga makaranta, attajiri da wanda ya cinye gado. Ina ganin kuskure ne a goge na biyun daga takarda don a ƙawata gida, domin shi ma mahaɗi ne a sarƙar, kuma 'ya'yansa ta kansa suka bi suka zo. Idan labarinsa mai nauyi ne kuma akwai rayayyun da zai sosa wa rai, a rubuta sunansa da na iyayensa da na 'ya'yansa a gurbinsu, a bar sauran bayanin a bakin manyan gida.