Amsa: baƙaƙen duwatsun jikin cocin Frauenkirche

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa bangon Frauenkirche, cocin Lutheran da ke birnin Dresden na Jamus, ya yi dabbare-dabbare. Ba fenti ba ne. George Bähr ne ya tsara ginin, aka kammala shi a 1743. Bayan ruwan bama-baman Fabrairun 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gobara ta cinye cikinsa, kubbar dutsen ta rufta ranar 15 ga watan. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta bar kangon shekara da shekaru.

Kafin a fara sake ginin a 1994, an tsince tsofaffin duwatsun, daga baya aka mayar da waɗanda suka tsira inda suke a da. Su ne baƙaƙen nan. A ganina su suka fi ƙawata ginin. An keɓe shi don ibada a 2005.